Ƙwayar jijiya da zafi: wadda ta fi buƙatar ɗauki ita ta fi jinkirin nemansa

A ɗakin gwaji ana iya ɗaukar faranti biyu masu ɗauke da ƙwayoyin halitta iri ɗaya, waɗanda aka raina a akwatin ɗumi a kan digiri 37 na ma'aunin Salshiyas, wato ɗumin jikin ɗan Adam. Na farko a tsoma shi kai tsaye cikin ruwa mai zafin digiri 45. Yawancin ƙwayoyin da ke cikinsa za su mutu. Na biyu kuwa a fara ɗanɗana masa zafi mai sauƙi na ɗan lokaci, a mayar da shi akwatinsa ya huta sa'o'i, sannan a tsoma shi cikin ruwan nan da ya kashe na farko. Da yawa daga cikin ƙwayoyinsa za su tsira. Zafin farko bai kashe su ba, sai ma ya zame musu rigakafi. Gerner da Schneider sun bayyana wannan a 1975 da ƙwayoyin kansar ɗan Adam da ake kira HeLa, kuma an same shi a yis, a tsirrai, a ƙwari da dabbobi masu shayarwa. Juriyar ba ta dindindin ba ce. Tana hawa cikin sa'o'i, ta kai ƙololuwa, ta baje cikin 'yan kwanaki.

Abin da ya hana ni sakat a wannan fage shi ne yadda ƙwayar jijiya, wadda masana ke kira niyuron, ke bauɗe wa wannan tsari. Ita ce ƙwayar da ba ta rarrabuwa ta haifi wata, ita ce wadda idan ta mutu galibi ba a mayar da gurbinta, ita ce za ta yi shekara saba'in ko tamanin tana aiki a ƙwaƙwalwar mutum guda. Hankali zai ce ita ta fi kowa saurin tayar da kariya. Gwaje-gwajen faranti sun nuna akasin haka, kuma a ganina fahimtar dalilin ta fi duk wani jerin sunayen furotin muhimmanci.

Asalin labarin ƙuda ne. A farkon shekarun 1960 wani masanin gado ɗan Italiya, Ferruccio Ritossa, yana nazarin manyan kuromosom da ke cikin maɓuɓɓugar yawun tsutsar ƙudan 'ya'yan itace, Drosophila. Wani abokin aikinsa ya ƙara zafin akwatin ɗumin da tsutsotsin ke ciki. Da Ritossa ya duba a madubin ƙara girma sai ya ga wasu wurare a jikin kuromosom ɗin sun kumbura, alamar cewa wasu ƙwayoyin gado da ke kwance sun farka sun kama aiki. Ya wallafa wannan a 1962 a mujallar Experientia, bayan wata babbar mujalla ta ƙi karɓa bisa cewa ba shi da wani muhimmanci. Sai a 1974 Alfred Tissières da Herschel Mitchell da Ursula Tracy suka nuna cewa kumburin yana tafiya da ƙera wasu sababbin furotin, a daidai lokacin da ƙwayar ke dakatar da ƙera yawancin furotin ɗinta na yau da kullum. Su ne furotin ɗin girgizar zafi, waɗanda ake taƙaita sunansu da HSP, a liƙa wa kowane lambar nauyinsa: HSP27, HSP40, HSP60, HSP70, HSP90, HSP110. Daɗewarsu a duniyar masu rai abin mamaki ne. HSP70 na ɗan Adam da takwaransa na bakteriyar E. coli, mai suna DnaK, sun yi tarayya a kusan rabin jerin amino asid ɗinsu.

Kafin a gane aikinsu sai an gane ɓarnar da zafi ke yi. Furotin dogon zare ne na amino asid, kuma ba ya aiki sai ya naɗe kansa ya ɗauki wata siffa ta musamman. Christian Anfinsen, wanda ya sami kyautar Nobel a 1972, ya nuna cewa jerin amino asid ɗin shi ke ɗauke da bayanin yadda za a yi naɗin. Sai dai igiyoyin da ke riƙe da wannan siffa raunana ne. Ƙarin digiri huɗu ko biyar ya isa ya sa wasu furotin su fara warwarewa. Sassan da ke ƙin ruwa, waɗanda aka ɓoye a tsakiyar naɗin, sai su fito fili, su riƙa mannewa da irinsu na maƙwabta, su dunƙule. Ƙwayar halitta kuwa cike take maƙil da furotin, babu sarari, saboda haka dunƙulewar ba ta da wuya. Ɓarnar ba ta tsaya nan ba: fatar ƙwayar tana yin laushi ta fara yoyo, ginshiƙan da ke riƙe da siffarta suna rushewa, mitokondiriya masu samar da makamashi suna raunana. Zafi da lokaci kuma tare suke aiki. Masu amfani da zafi wajen yaƙar kansa suna bin lissafin Sapareto da Dewey na 1984: sama da digiri 43, duk ƙarin digiri ɗaya yana rage lokacin da ake buƙata a yi ɓarna iri ɗaya da kusan rabi.

HSP 'yan rakiya ne. Ba sa zama ɓangare na furotin ɗin da suke kula da shi, suna dai tsaya masa har ya daidaita. Ƙananan cikinsu, irin su HSP27, suna tallafe furotin da ya fara warwarewa, su riƙe shi kada ya manne da wani, ba tare da sun ci makamashi ba. HSP70, da taimakon HSP40, yana kama sashen da ya fito fili, ya saki, ya sake kamawa, yana ƙona ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashin ƙwaya, a kowane zagaye, har zaren ya sami hanyar komawa siffarsa. Idan gyara ya gagara, shi ne kuma ke miƙa furotin ɗin ga injin da ke niƙe lalatattu. Suna da wani aiki na daban da ya shafi rai da mutuwa kai tsaye: HSP70 da HSP27 suna taka birki ga hanyar da ƙwaya ke bi ta kashe kanta idan ta ga ɓarna ta yi yawa.

Mai kaɗa ƙararrawar shi ne wani furotin mai suna HSF1. A lokacin lafiya yana zaune shiru, 'yan rakiya irin su HSP90 da HSP70 suna riƙe da shi. Idan zafi ya warware furotin da yawa, 'yan rakiyar sai su bar shi su tafi inda gobara ta tashi. Da ya sami kansa a sake, sai ya haɗu da 'yan'uwansa biyu su zama uku, su taru a cibiyar ƙwayar, su zauna a kan wata alama da ke gaban ƙwayoyin gadon HSP, su buɗe su. Idan sababbin HSP70 sun yi yawa har aiki ya ragu, ragowar sai su koma su sake kama HSF1, ƙararrawa ta yi shiru. A lura da hikimar wannan tsari: ba zafin kansa ƙwayar ke aunawa ba, yawan ɓarnar take aunawa. Shi ya sa ƙarafa masu guba, barasa, ƙarancin iskar oksijin da yankewar jini duk suke tayar da martani iri ɗaya.

Cewa HSP ne ke kawo juriyar, ba tafiya tare kawai suke yi ba, an kafa hujjarsa mataki-mataki. Li da Werb a 1982 sun nuna hawa da saukar juriya suna bin hawa da saukar HSP. A 1988 Riabowol da Mizzen da Welch suka yi wa ƙwayoyi allurar antibodi, wato furotin na garkuwar jiki, mai toshe HSP70, sai zafin da ba ya kashe su a da ya kashe su. A 1990 Sanchez da Susan Lindquist suka cire ƙwayar gadon Hsp104 daga yis, juriyar da zafin farko ke bayarwa ta rushe ƙwarai.

To, ina niyuron a cikin wannan?

Labari mai daɗi ya fara zuwa. A 1988 Barbe da Michael Tytell da abokan aikinsu sun nuna cewa ɓerayen da aka ɗaga zafin jikinsu tukuna, tantanin ganin idonsu ya fi jure haske mai ƙarfi da ke lalata shi. A 1991 rahotanni biyu suka fito a mujallar Neuron, ɗaya na Rordorf da Koroshetz da Bonventre, ɗaya na Lowenstein da Chan da Miles, dukkansu suna nuna cewa ɗanɗana wa niyuron na faranti zafi yana rage mutuwarsu idan daga baya aka zuba musu gulutamet mai yawa. Gulutamet shi ne babban sinadarin da niyuron ke zaburar da juna da shi, amma idan ya yi ambaliya, kamar yadda yake faruwa a bugun shanyewar ɓarin jiki, sai ya buɗe wa kalsiyam ƙofa ya kashe ƙwayar. Wato zafi ya kare niyuron daga wani abin da ba zafi ba. A daidai wannan lokaci masu bincike a Japan suna nuna cewa gajeriyar yankewar jini ga ƙwaƙwalwa tana kare ta daga doguwa da ta biyo baya. Fata ya yi yawa.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Farantin da aka ce na niyuron ne ba kasafai yake zama na niyuron zalla ba. Akwai giliya a ciki, ƙwayoyin da ke kewaye da niyuron a ƙwaƙwalwa suna ciyar da su suna share musu muhalli, musamman masu siffar tauraro da ake kira astirosait. Da aka fara rina farantin don a ga wace ƙwaya ce takamaimai ke ƙera HSP70 bayan zafi, sai aka ga giliya ce ke cika da shi, niyuron da yawa kuwa ɗan kaɗan ko babu. A 1996 Marcuccilli da abokan aiki, ciki har da Richard Morimoto, suka kwatanta niyuron na hifokamfus, wani sashe na ƙwaƙwalwar ɓera, da giliya, suka sami niyuron ɗin da ƙarancin HSF1 da raunin martani. A 2003 ɗakin gwajin Heather Durham da ke Jami'ar McGill a Kanada ya kawo abin da ya fi wannan kaifi. Niyuron masu motsa tsoka, waɗanda aka raina daga lakar ɓera, ba su ƙera HSP70 ba bayan zafin da ya sa maƙwabtansu suka ƙera. HSF1 ɗin yana nan, ƙara yawansa ma bai canza komai ba. Sai da aka saka musu wani nau'in HSF1 da aka gyara shi ya zauna a kunne kullum, sannan HSP70 ya fito. Injin lafiya lau yake, makunnin ne ke da tauri.

Har ila yau, girma zuwa niyuron kansa yana dusashe martanin a wasu ƙwayoyin gwaji. PC12, waɗanda Greene da Tischler suka samar a 1976 daga ƙarin da ya fito a gilan ɗin saman ƙodar ɓera, suna fitar da rassa kamar niyuron idan aka ba su NGF, sinadarin da ke sa jijiya girma, kuma an ga bayan wannan sauyi ƙera HSP70 ɗinsu ya ragu.

Ruwa ba ya tsami banza. Akwai bayani uku da ake bayarwa, kuma ba sa kore juna.

Na farko, niyuron tana zaune da shirinta. HSP70 yana da ɗan'uwa, HSC70, wanda ake ƙerawa kullum ko da zafi ko babu. Aikin Ian Brown a Jami'ar Toronto ya nuna manyan niyuron suna ɗauke da shi da yawa. Mai rumbu cike ba ya gaggawar neman taimako. Kuma tunda ƙararrawar tana tashi ne idan 'yan rakiya sun yi ƙaranci, ƙwayar da ke da su a wadace dole ta fi jinkirin kaɗa ta. Raunin wannan bayani shi ne HSC70 yana da nasa ayyukan yau da kullum, ciki har da kwance rigar ƙananan jakunkunan da ake sake sarrafawa a bakin mahaɗar jijiyoyi. Idan zafi ya janye shi, wannan aikin ne zai sha wahala.

Na biyu, tsada. Cikakken martanin zafi yana nufin a dakatar da ƙera yawancin furotin, a karkatar da ATP ga gyara. Ƙwayar fata za ta iya rufe shago na sa'o'i, niyuron da ke tafiyar da numfashi ba za ta iya ba. Ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki amma tana cin kusan kashi 20 na makamashinsa, yawanci wajen riƙe bambancin lantarki a fatar niyuron. Ga shi kuma HSP70 mai yawa ba alheri ba ne a kowane hali: a ƙudan Drosophila an nuna yawansa ba tare da buƙata ba yana rage girma.

Na uku shi ne ya fi kama hankalina, domin yana sauya tambayar gaba ɗaya. Wataƙila niyuron ba ita kaɗai aka ɗora wa kare kanta ba. Dubi siffarta: cibiya a wuri ɗaya, doguwar jela mai kai saƙo tana iya kai mita guda a jikin mutum, daga ƙasan laka zuwa yatsan ƙafa. Furotin irin su HSP da aka ƙera kusa da cibiya suna tafiya a jelar nan a hankali, milimita kaɗan a yini. Ko da cibiya ta amsa nan take, ɗaukin ba zai isa ƙarshen jelar ba sai bayan an gama ɓarna. Tun 1986 Tytell da Greenberg da Lasek sun nuna a ƙatuwar jijiyar dabbar tekun nan sukwid cewa giliyar da ke naɗe da jijiyar tana ƙera furotin irin na girgizar zafi, ta miƙa shi cikin jijiyar. Daga baya an ga a faranti cewa ƙwayoyin giliya suna fitar da HSP70 waje, ƙwayoyi masu kama da niyuron suna ɗauka, juriyarsu ta ƙaru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da muke kira juriyar niyuron, wani kaso nasa na maƙwabta ne.

Wani bincike na 2008 ya ƙara ɗaure zancen ta wata fuskar. Prahlad da Cornelius da Morimoto sun nuna a ƙaramar tsutsar C. elegans cewa idan niyuron biyu masu jin zafi, waɗanda ake kira AFD, suka sami matsala, sauran ƙwayoyin jikin tsutsar ba sa tayar da cikakken martani ko da zafin ya same su. A jiki mai rai ke nan, jijiya tana da ta cewa a kan lokacin da wasu za su kaɗa ƙararrawa. Faranti ba zai taɓa nuna wannan ba.

Ba ina rage darajar faranti ba ne. Tun da Ross Harrison ya raina ɗan yankin jijiyar kwaɗo a 1907 ya ga jela tana tsirowa, da kuma hanyar rainon niyuron na hifokamfus da Banker da Cowan suka kafa a 1977, yawancin abin da muka sani game da cikin niyuron daga nan ya fito. A faranti kaɗai za ka iya riƙe zafi daidai, ka ƙidaya mintuna, ka toshe furotin guda ka ga sakamako. Sai dai wanda zai karanta rahoton irin wannan gwaji ya kamata ya yi tambayoyi kafin ya yarda. Ƙwayoyin daga ina suke? Yawancin niyuron na faranti daga ɗan tayin ɓera ake cirowa, alhali cututtukan da ake son magancewa na tsufa ne, kuma martanin HSF1 yana raguwa da shekaru. Ƙwayoyin gwaji irin su PC12 da SH-SY5Y asalinsu ƙari ne, ƙwayoyin kansa kuwa sun dogara da HSF1 sosai, kamar yadda ɗakin gwajin Lindquist ya nuna a 2007. Nawa ne kason giliya a farantin? Idan an niƙe komai tare aka auna HSP70, ba a san na wa aka auna ba. Iskar oksijin a akwatin ɗumi ta kusa kashi 20 cikin 100, ninki da yawa na abin da niyuron ke gani a ƙwaƙwalwa, kuma wannan kansa takura ce. Zafin gwaji yana zuwa farat ɗaya, na jiki yana hawa a hankali tare da ƙishirwa, raguwar jini da kumburi.

Mutanen da bugun zafi ya kama su ne ke tuna mana abin da ke kan gaba. Likitoci suna gane shi da zafin cikin jiki sama da digiri 40 haɗe da rikicewar ƙwaƙwalwa: ruɗewa, farfaɗiya ko suma. Daga cikin waɗanda suka tsira akwai masu saura da tangaɗi wajen tafiya da nauyin harshe, domin ƙwayoyin Purkinje na ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya, wadda ke daidaita motsi, suna cikin mafi saurin mutuwa da zafi. Niyuron ba iri ɗaya ba ne, kuma sakamakon da aka samu a wani nau'i ba ya zama hukunci a kan wani.

Hanyar magani ta nuna alkawari da iyakarsa a lokaci guda. Cututtukan Alzheimer, Parkinson, Huntington da ALS (mai kashe niyuron masu motsa tsoka) duk suna da dunƙulallen furotin a ciki ko kewayen niyuron. A 1999 ɗakin gwajin Nancy Bonini ya nuna ƙara HSP70 yana rage lalacewar jijiya a ƙudan da aka saka wa furotin mai irin wannan lahani. A 2004 aka gano cewa tawaya a ƙwayar gadon HSP27 tana haddasa wani nau'in cutar Charcot-Marie-Tooth mai shanye jijiyoyin ƙafa da hannu, hujja daga jikin mutane cewa dogayen jijiyoyi ba sa iya rayuwa ba 'yan rakiya. A wannan shekarar kuma ƙungiyar Linda Greensmith a Landan ta ba da rahoton cewa maganin arimoclomol, wanda ke tsawaita aikin HSF1, ya ƙara wa ɓeraye masu ALS kwana. Da aka kai shi babban gwaji a kan mutane, sakamakon da aka sanar a 2021 ya nuna bai taimaka wa masu ALS ba. Wannan ya yi wa iyalai da yawa zafi, kuma ya dace ya yi wa masu bincike zafi. Maganin bai mutu ba: a Satumbar 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi, tare da miglustat, don wata cuta ta gado da ba a cika samu ba, Niemann-Pick nau'in C. Ni dai abin da nake karantawa a ciki shi ne, maganin da ke ƙara ƙarfin ƙararrawar da ta riga ta tashi ba lallai ya yi tasiri a ƙwayar da makunninta ke da tauri ba, balle a mutumin da ya riga ya rasa niyuron masu yawa kafin a gano cutar.

Saura abu ɗaya da gwaje-gwajen faranti suka daɗe suna tsallakewa. Yawancinsu rai suke ƙidayawa: ƙwaya nawa ta mutu, nawa ta tsira. Amma niyuron tana daina aiki tun kafin ta mutu. Mutumin da zafi ya sumar, yawancin niyuron ɗinsa da ransu, saƙo ne ya daina wucewa. A 1999 Karunanithi da Robertson da Brown da Atwood da abokan aikinsu suka koma ga tsutsar ƙudan da Ritossa ya fara da ita, suka auna wucewar saƙo daga jijiya zuwa tsoka yayin da suke ƙara zafi. A tsutsotsin da aka ɗanɗana wa zafi tukuna, mahaɗar ta ci gaba da isar da saƙo a zafin da na sauran suka yi shiru. Yanzu da ake iya ƙera niyuron na ɗan Adam daga ƙwayoyin fata ko jini, ta hanyar da Shinya Yamanaka ya buɗe a 2006 da 2007, a raina su tare da astirosait a kan faranti mai ƙananan wayoyin lantarki, ana iya yin wannan awo a ƙwayoyinmu: a ɗaga zafi digiri bayan digiri, a saurari inda tartsatsin saƙon zai fara sarƙewa, sannan a cire giliyar a sake saurare.